"Ai Japan ma ta amince da shi"

Baban Sadiq, Jekadafari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar ma'aikatan lafiya na wannan zaure nake nema. Ƙanena ya yi hatsarin mota a hanyar Dukku, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. To wani dillalin asibitocin waje ya kawo mana takardu, wai akwai allurar sitem-sel: a ɗebi ƙwayoyi daga ɓargon mutum, a raine su a ɗakin gwaji, a mayar masa ta jijiya, laka ta farfaɗo. Kuɗin sai mun sayar da gona. Da na nuna shakka sai ya ce min ai gwamnatin Japan ma ta amince da maganin. Da gaske ne?

Famasis, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar dillalin, shi ya sa take kama mutane. A watan Disamban 2018 Japan ta ba wani magani mai suna Stemirac lasisi, na masu raunin laka, kuma yadda ka kwatanta haka ake yin sa. Amma lasisin wucin gadi ne, mai sharaɗi. Mutum 13 kacal aka gwada wa, aka ce 12 sun samu sauƙi. Babu wani rukuni na biyu da aka bari ba a yi wa allurar ba don a kwatanta. Duk wanda ya yi aiki a sashen ƙashi ya san mai raunin laka yakan samu ɗan sauƙi da kansa a watannin farko, ko ba a ba shi komai ba. To ta yaya za a gane aikin allura ne ko na jiki? Babbar mujallar kimiyya ta Nature da kanta ta soki wannan lasisi a lokacin. Sannan waɗanda aka gwada wa sababbin rauni ne, na makonni. Kuma tambayi dillalin: asibitin da zai kai ku a Japan yake? Na tabbata a'a zai ce.

Baban Sadiq, Jekadafari: Ba a Japan ba ne kam.

Famasis, Tudun Wada: To ka gani. Sunan Japan kawai ya ara. Kada a taɓa gonar nan, Yaya. A ci gaba da gashi, a kula da gyambon kwanciya da mafitsara, su ne ke kashe irin waɗannan majinyata a wajenmu.

Ɗan Kumo: Ni abin da ya ɗaure min kai, Japan fa. Ƙasar da ko injin ban ruwa aka ce nata ne sai ka saya ido rufe. Su ne za su ba magani lasisi a kan mutum goma sha uku?

Dakta, malamin jami'a: Tambayarka ita ce asalin zancen, Ɗan Kumo. Ba sakaci suka yi ba, da gangan suka tsara haka. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya gano yadda za a ɗauki ƙwayar fata ta ɓera a mayar da ita kamar ta ɗan tayi, wadda za ta iya zama kowace irin tsoka. A 2007 ya yi da ta mutum, a 2012 ya karɓi kyautar Nobel. Japan ta daɗe tana kukan cewa ita ke ƙirƙira amma Amurka ke cin kasuwar. Gwamnatin Shinzo Abe tana neman abin da zai tayar da tattalin arziki, sai ta ɗauki wannan fanni ta sa a gaba. A ƙarshen 2013 majalisarsu ta yi dokoki biyu, suka fara aiki a Nuwamban 2014. Ɗaya daga ciki ta ce maganin da aka yi da ƙwayoyin halitta, idan an ga bai cutar ba kuma "da alama" yana amfani, a ba shi lasisi na har zuwa shekara bakwai, a sayar, inshorar lafiya ta biya, hujjar a kawo ta daga baya. A tsarin da aka saba sai ka kawo hujja tukuna, ta gwaji mataki uku, na ƙarshen kan ɗaruruwa ko dubban mutane, ya ci shekaru da maƙudan kuɗi. Japan ta ce wa kamfanonin duniya ku zo nan, mun rage muku hanya.

Ɗan Kumo: Wato kamar kasuwar ƙauye biyu da ke ci rana ɗaya. Sarkin kasuwar nan ya daina duba mudu, duk masu hatsi suka kwaso buhuna suka dawo wajensa, na can kuma ya ga rumfuna sun zama kango, shi ma ya kawar da kai.

Dakta, malamin jami'a: Ka fi ni iya faɗa. Kuma haka aka yi. A 2016 wasu 'yan majalisar Amurka suka kawo ƙudurin da zai kwaikwayi tsarin Japan kusan sak, hujjarsu ita ce ana barin su a baya. Bai wuce ba, masana sun yi masa ca. Amma a Disamban shekarar aka sa hannu a wata babbar dokar lafiya da ta buɗe wa irin waɗannan magunguna hanyar gaggawa a FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka. Koriya ta Kudu ta yi tata dokar a 2019, daga baya ta ƙara sassautawa, kuma cikin dalilan da aka riƙa faɗa har da cewa 'yan ƙasar na kwasar kuɗi suna tsallakawa Japan yin allura. Kowa na nuna maƙwabcinsa yana cewa ga wane can ya wuce mu.

Maman Ilham, Bolari: Ku yi haƙuri Dakta, ni ban ga laifin Japan ba. 'Ya'yana biyu sikila ne. Wanda bai kwana a asibiti yana riƙe da yaro yana ihun ciwon ƙashi ba, shi ne zai ce a jira shekara goma sha biyar a gama tara hujja. Hujjar wa? Yaran da ake jira da su ba sa jira. In gasa ce za ta sa gwamnatoci su daina jan ƙafa, Allah ya ƙara musu gasar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Famasis, Tudun Wada: Hajiya, Allah ya ba yaran lafiya, ya saka miki da haƙurin da kike yi. Ba zan yi miki musu a kan zafin jira ba. Amma bari in ba ki labarin maganin farko da ya bi wannan gajeriyar hanya. Sunansa HeartSheet, na kamfanin Terumo. Ana yanko tsoka daga cinyar mai ciwon zuciya, a raini ƙwayoyinta su zama kamar faifai, a buɗe ƙirji a manna a kan zuciya. A 2015 aka ba shi lasisin wucin gadi bayan gwaji kan mutum 7. Wa'adin ya cika hujja ba ta taru ba, aka ƙara masa lokaci. A 2024 kwamitin ma'aikatar lafiyarsu ya duba sakamakon ya ce ba a nuna yana da amfani ba, kamfanin ya janye shi. Kusan shekara tara ana tsaga ƙirjin masu raunin zuciya, inshora na biyan miliyoyin yen a kan kowane mutum. Su ma iyalansu cewa suke ba za su iya jira ba.

Maman Ilham, Bolari: To ai an gano, an janye. Tsarin ya yi aiki ke nan.

Famasis, Tudun Wada: An gano a jikin mutane, kuma da kuɗinsu. A gwaji na ƙa'ida kamfani ne ke biya, majinyaci kuma an gaya masa gwaji ne. A nan an juya abin: majinyaci da inshora ke biya, shi kuma yana ganin ai magani ne tunda gwamnati ta buga hatimi. Ga wata matsalar kuma: da zarar abu ya shiga kasuwa, wa zai yarda a sa shi a rukunin da ba za a ba su ba? Hujjar da aka ce a kawo daga baya sai ta yi wuyar samuwa.

Lauya, GRA: Ina bin ku a hankali. Famasis, akwai wurin da nake ganin hujjarka ta yi rauni. Maganin sikila na gyaran ƙwayoyin gado, Casgevy, shi ma ai ba dubbai aka gwada wa ba. Mutum talatin da 'yan kai ne aka duba sakamakonsu, kuma babu rukunin kwatance. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, ita ce ta farko a duniya, Bahrain ta biyo, Amurka a Disamba, Saudiyya a farkon 2024. Kowa ya ga yadda suke rige-rige. Me ya sa ba ka soki wannan ba?

Famasis, Tudun Wada: Barista, tambaya ce mai kyau. Bambancin yana cikin irin ciwon da irin sakamakon. Waɗanda aka ɗauka duk masu yawan tashin ciwo ne, aƙalla sau biyu a shekara mai tsanani. Cikin 31 da FDA ta duba, 29 sun yi shekara guda cur babu tashin ciwo ko ɗaya. Sikila ba ya warkewa da kansa haka. Kuma ana iya ɗibar jini a auna sabon nau'in jinin da jikin ya fara yi, lamba ce a takarda. Mai raunin laka kuwa likita ne ke taɓa ƙafa yana tambaya "ka ji?", kuma likitan ya san an yi allurar, yana kuma son ta yi aiki. Idan tasiri ya yi girma irin na farko, mutum kaɗan sun isa. Idan ƙarami ne, ko ciwon na sauƙi da kansa, babu makawa sai an kwatanta.

Lauya, GRA: Na karɓi rabi. Ragowar rabin: ba wanda ya san abin da gyaran zai haifar bayan shekara ashirin.

Famasis, Tudun Wada: Haka ne, shi ya sa aka wajabta bin diddiginsu shekara 15.

Malam Liman, Herwagana: Salamu alaikum. Ni ba likita ba ne, amma ina jin ana ta ambaton ɗan tayi. Shin waɗannan ƙwayoyin daga cikin da aka zubar ake samo su? In haka ne ai maganar ta wuce ta lasisi.

Dakta, malamin jami'a: Allah ya gafarta Malam, iri-iri ne. Na ɓargo da na kitse da na cibiyar jariri babu ruwansu da ɗan tayi. Na Yamanaka ma daga fata ne ko jini. Wanda ya jawo rigima shi ne na tayin kwana biyar zuwa shida, ragowar dashen kwalba (tayin da ake haɗawa a ɗakin gwaji don masu neman haihuwa) da ma'aurata ba su buƙata. Kuma a nan ne aka fara ganin gasar ƙarara. A Agustan 2001 Shugaba Bush na Amurka ya hana kuɗin gwamnatin tarayya shiga binciken sababbin ƙwayoyin tayi. A shekarar wani babban masani, Roger Pedersen, ya tattara ya bar Kalifoniya ya koma Cambridge a Ingila, inda doka ta yarda a yi bincike kan tayi har kwana 14. Singafo ta gina unguwa guda ta bincike tana zawarcin masana. Jihar Kalifoniya ta ga za a kwashe mata mutane, a 2004 jama'arta suka kaɗa ƙuri'a aka ware dala biliyan 3 don wannan bincike. Obama ya zo ya ɗage takunkumin a 2009. Jamus kuma ta fi ba ni mamaki: ta haramta a samar da ƙwayoyin a cikin ƙasarta, amma a 2002 ta halatta a shigo da waɗanda aka samar a waje kafin wata rana da ta yanka. Da masananta suka koka cewa tsofaffin ƙwayoyi suke aiki da su ana wuce su, a 2008 sai ta matso da ranar zuwa Mayun 2007.

Malam Liman, Herwagana: Wato haramun ne ka yanka, amma halal ne ka ci in maƙwabci ya yanka. Wannan fiƙihu nasu sai su. Mu dai Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 2003, ta halatta amfani da waɗannan ƙwayoyi in tushensu halal ne: baligi da izininsa, yaro da izinin waliyyinsa in babu cutarwa, mabiyiya da cibiya, cikin da ya ɓare da kansa, da ragowar dashen kwalba in iyayen sun ba da. Ta hana a zubar da ciki da gangan ko a haɗa tayi musamman don a ɗebi ƙwayoyinsa. Abin da nake so ku lura, hukuncin bai rataya a kan ko wata ƙasa ta riga mu ba.

Ɗan Kumo: Malam, ai mu ba mu shiga tseren ba balle a riga mu. 😂

Admin: Jama'a a daure a tsaya kan batu. Wanda ya turo tallan garin sitem-sel na leda mai maganin ciwo arba'in, na goge. Kada a sake.

Famasis, Tudun Wada: Na gode Admin. Garin tuffa da inabi ne ake kaɗawa a ruwa. Ko da akwai ƙwayar halitta a ciki, ta tsiro ce, kuma ciki zai narkar da ita kamar tuwo.

Lauya, GRA: Dakta, kada mu tafi a kan cewa gasa sassauci kawai take haifarwa. Tana kuma sa a tsananta, saboda suna ma jari ne. Dubi Koriya ta Kudu da Hwang Woo-suk. Gwamnati ta ɗaga shi sama, ta ba shi laƙabin babban masanin ƙasa, har kan sarki aka buga don aikinsa, saboda ya ce ya riga duniya kwafar tayin mutum a 2004 da 2005. Da asiri ya tonu, jami'arsa ta Seoul ta tabbatar a farkon 2006 cewa sakamakon ƙirƙira ne, ga kuma ƙwan mata da aka karɓa har daga ma'aikatan ɗakin gwajinsa. Kunyar ta sa suka ɗaure dokar bayar da ƙwai. Sin ma haka. Shekaru asibitocinta na sayar wa baƙi allurar sitem-sel, sai gwamnati ta taka burki a 2012 ta fito da ƙa'idoji a 2015. Da wani masaninta, He Jiankui, ya sanar a 2018 cewa ya gyara ƙwayoyin gadon wasu tagwaye, ɗaurin shekara uku ya sha. Ƙasar da ke son mujallun duniya su buga bincikenta, Turai da Amurka su sayi maganinta, dole ta nuna tana da ƙa'ida.

Dakta, malamin jami'a: Ban musa ba Barista, amma duba lokacin da tsanantawar ke zuwa. Kullum bayan an yi ɓarna ne. Kuma wa ya hura wa Hwang wuta tun farko? Ƙasa ce ta ƙagu ta zama ta ɗaya, har ya zama mai tambayarsa kamar maci amanar ƙasa ne. 'Yan jaridar talabijin da suka fara tono shi sai da jama'a suka yi musu rubdugu, masu talla suka janye. A Amurka kuwa, a 2015 wasu tsofaffin mata uku a Florida suka biya dala dubu biyar-biyar aka yi musu allurar ƙwayoyin kitse a ido biyu, ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance ɗungurungum. Sai da aka kai 2019 kotu ta dakatar da masu wurin. Yanzu kuma jihohi ne ke gasa da junansu a can, Florida ɗin ma ta yi doka a 2025 da ta ba likitoci damar yin wasu alluran da FDA ba ta amince da su ba.

Maman Ilham, Bolari: Duk na ji. Amma ku dawo da mu gida. Shi wancan na sikilar da kuka ce yana aiki, nawa ne?

Famasis, Tudun Wada: Dala miliyan 2.2 a Amurka, Hajiya, ban da kuɗin asibiti. Kuma sai an ba yaro maganin da zai ƙone tsohon ɓargonsa kafin a mayar da gyararren, ya yi makonni a keɓe, kuma yana iya rasa haihuwa.

Maman Ilham, Bolari: Innalillahi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana cewa jarirai kusan 150,000 duk shekara. Su da ke tseren ba su da ciwon kamar mu, mu masu ciwon ko a layin 'yan kallo ba a sa mu ba.

Dakta, malamin jami'a: Shi ya sa ni ra'ayina, duk da abin da na faɗa a sama, mu ma mu nemi shiga. Ba mu fara daga sifili ba. An yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a asibitin koyarwa na Benin tun 2011, Legas ma ta fara. Majinyatan suna nan, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe kaɗai a je a ga ranar asibitin sikila. Kamfanonin nan suna buƙatar mutanen da za su gwada wa sababbin hanyoyi masu araha. In muka sauƙaƙa musu samun izini, za su kawo na'urori, su horar da yaranmu. In muka tsaya jan ƙafa, Ghana ko Kenya ko Uganda za su tafi.

Lauya, GRA: Dakta! Ka karanta jimlarka ta ƙarshe. Ita ce fa wadda ka ce 'yan majalisar Amurka da Koriya sun yi ta faɗa.

Dakta, malamin jami'a: Na sani. Bambancin, ni saurin takarda nake nufi, kada fayil ya kwana wata tara a tebur. Ban ce a rage hujja ba.

Lauya, GRA: Kowa da haka yake farawa. Mu a Arewa ba labari aka ba mu ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, yara 200 a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, takardar izinin da aka nuna kuma ta zo da ayar tambaya a kan ranar da aka rubuta ta. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuma kowa ya san da wannan aka riƙa kafa hujja a 2003 lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Yau muna da kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa, muna da Dokar Lafiya ta 2014 da ta hana kwafar mutum, NAFDAC ta kai mataki na uku a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022. Amma auna ƙwayar magani daban, auna ƙwayar halitta mai rai da aka raina wa mutum ɗaya daban. Mutum nawa gare mu da za su shiga ɗakin rainon su ce wannan bai yi ba?

Famasis, Tudun Wada: Kaɗan ne, shi ya sa hukumomi irin namu kan jingina da hukuncin manyan hukumomin waje, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙarfafa hakan don kada a maimaita aiki. Tsari ne mai kyau muddin hatimin can yana nufin an tabbatar. Amma yanzu hatimin ya rabu: akwai cikakke, akwai na sharaɗi, akwai na gaggawa, akwai wanda kawai rajistar asibiti ce ba a ma duba amfanin maganin ba. A Japan ɗin, doka ta biyun da Dakta bai yi bayaninta ba, ita ce ta ba asibitocin kuɗi damar yin allurar ƙwayoyi in wani kwamiti ya duba tsarinsu suka miƙa wa ma'aikata. Dukkansu in sun iso Gombe sunansu ɗaya, "an amince".

Dakta, malamin jami'a: To sai mu zauna kada mu yi komai, Barista?

Lauya, GRA: A'a. A zo a yi gwajin, amma da sharuɗɗanmu a rubuce kafin jirginsu ya sauka: takardar yarda da Hausa, a karanta wa uwa a gaban shaida, kamfani ya ɗauki jinyar duk wanda abin ya cutar har ƙarshe, in maganin ya yi aiki, a faɗi farashin da za a sayar mana tun yanzu. Kuma ƙasashen Afirka su riƙe sharaɗi ɗaya, don kada a ce mana in kun ƙi maƙwabcinku zai karɓa. Don haka aka kafa Hukumar Magunguna ta Afirka, yarjejeniyarta ta fara aiki a 2021, mazauninta a Kigali.

Dakta, malamin jami'a: Sharaɗinka na farashi shi zai kore su. Babu kamfanin da zai ɗaure kansa da farashi kafin ya san abin da ya samu.

Lauya, GRA: In ya kore su, ka san abin da ya kawo su ke nan.

Maman Ilham, Bolari: Ku dai ku yi ta yi. Famasis, maganin sikilar nan, hydroxyurea, da likita ya rubuta wa babbar 'yata ya yanke a kemis ɗin unguwarmu tun makon jiya. Akwai a wajenku, kuma nawa ne kwalin yanzu?

Famasis, Tudun Wada: Akwai Hajiya, amma kar ki zo sai da sakamakon gwajin jininta na watan nan. Zan turo miki farashin ta akwatin sirri.